Kama Da Wane Ba Ta Wane: Farin Tabon Da Ke Cikin Hoton Ƙirji

Duk wanda ya taɓa zama a benci a ƙofar ɗakin hoto na asibiti ya san irin shirun da kan sauka idan ma'aikaci ya fito da babban ambulan nan mai ruwan ƙasa. Majinyaci zai zaro baƙar takardar mai santsi, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya ga haƙarƙarinsa a jere kamar haƙoran mataji, sa'an nan ya hangi wani farin tabo a gefe guda. Tun kafin a kira shi wurin likita, na kusa da shi a benci ya riga ya yanke hukunci: "Wannan ai tibi ne." Kafin ya iso gida labari ya riga shi isowa, har an ware masa kwano da moɗa.

A wannan wata, a kan wannan farin tabo muke so mu yi magana da masu karatu. Mu dai ba likita ba ne. Alli da allo muka sani, su muka koyo a kwalejin horon malamai ta Bagabaga, da su muke neman abinci har yau. Amma lalura ta sa mun yi wata da watanni muna raka wata tsohuwar ɗalibarmu daga wannan layi zuwa wancan, muna tambaya ana ba mu amsa, muna rubutawa a bayan littafin shirya darasi. Abin da muka tsinta a wannan yawo shi ne, hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa, ba ya faɗin sunan mai inuwar. Sau da yawa tarin tibi ne, wanda wasu ke kira tarin fuka, wannan gaskiya ne. Amma akwai lokacin da ba shi ba ne, kuma a irin wannan lokaci jinkiri yana iya cinye huhun mutum ɗungurungum.

Yarinyar da ta sha magani wata 6

Ba za mu ambaci sunanta ba, don yanzu matar aure ce, kuma a kan wannan sharaɗi ita da mahaifiyarta suka yarda mu ba da labarin. Mun koyar da ita a aji 6 na firamare. Da ta bar makaranta ta koyi ɗinki, ta kafa keke a zauren gidansu a nan Sabonjida, in Sallah ta gabato ba ka samun wurin tsayawa saboda masu kawo yadi. Tana da shekara 23 tari ya fara. Ba ta taɓa sa taba a baki ba, kuma babu mai shan taba a gidan.

Da farko an ce ƙurar hunturu ce. Hunturu ya wuce tari bai wuce ba, sai aka ce asma ce, saboda in ta kwanta ana jin wani sauti a ƙirjinta kamar na usur. Aka sayo mata abin shaƙa a kemis, bai yi komai ba. Abin da ba wanda ya lura da shi a lokacin shi ne, daga gefen dama kaɗai sautin yake fitowa. Cikin shekara ɗaya da rabi sau 3 zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita tare da ciwon haƙarƙari, kowane karo a gefen dama. Kowane karo kuma a ce nimoniya ce, a ba ta ƙwayoyi ta miƙe, bayan 'yan watanni abin ya dawo. Ran da ta tofar da kaki aka ga jini a ciki, ran nan hankalin gidan ya tashi.

An kai ta wani asibiti aka ɗauki hoto, aka ga fari a ƙasan huhun dama. An gwada kakinta sau 2 ba a ga ƙwayar tibi ba. Duk da haka, ga tari, ga jini, ga rama, ga tabo a hoto, sai aka ɗora ta a kan maganin tibi. Ta sha shi kullum da safe ba fashi har wata 6, fitsarinta ya koma ja kamar manja, yadda aka faɗa mata zai yi. A cikin watannin nan masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, aka ware mata kwano, dangin saurayin da ya kai goron tambaya suka aiko cewa a dakata tukuna. Da ta gama magani aka sake hoto, tabo yana nan inda yake, har ya ɗan ƙara faɗi.

Wata ranar Asabar da la'asar mahaifiyarta ta yi sallama a ƙofar gidanmu da jakar leda cike da takardu. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, ku kuka koya mata karatu, ku duba mana takardun nan. Sun ce wai a sake wani maganin, ni kuwa ina ganin 'yar nan tana ƙarewa a gabana."

Muka ce, "Hajiya, mu ba mu iya karanta hoton asibiti ba, amma mun iya tambaya. Hotunan baya suna nan?"

Ta ce, "Duk suna ƙasan akwati, tare da zannuwan aurenta."

Wannan ajiya ta Hajiya ita ce, bayan ikon Allah, ta ceci yarinyar. Likitan da muka samu ran Litinin ya jera hotuna 4 a jikin fitila, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya juyo ya ce, "Malam, ku duba. Ciwo ya zo sau 3, kuma duk a wuri ɗaya yake sauka. In kun ga kullum a ƙofar gida ɗaya ruwan sama yake kwanciya, me za ku nema?" Muka ce abin da ya toshe kwata. Ya ce, "To, shi za mu nema."

Yadda hoton yake aiki

Kafin mu ci gaba da labarinta, ya kamata mu fahimci abin da wannan hoto yake. Waɗanda suka bi ta hannunmu za su tuna darasin inuwa, ranar da muke rufe tagogin aji, mu kunna tocila, mu haɗa yatsu a gabanta. Nan take yara sukan ɗauki ihu, "Kare! Zomo!" alhali kuwa hannun malam ne. Hoton ƙirji haka yake aiki.

Wani masanin kimiyya na ƙasar Jamus mai suna Wilhelm Rontgen shi ya gano wannan haske a birnin Wurzburg ran 8 ga Nuwamba 1895. Haske ne da ido ba ya gani, amma yana ratsa jikin mutum. Bayan 'yan makonni ya ɗauki hoton hannun matarsa, aka ga ƙasusuwanta da zoben da ke yatsarta. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel, shi ne na farko da ya same ta a fannin kimiyyar fiziya.

Ƙashi yana tare wannan haske, shi ya sa yake fitowa fari. Iska ba ta tare shi, shi ya sa huhu mai lafiya, wanda yake cike da iska, yake fitowa baƙi. Saboda haka duk abin da ya kori iska daga wani sashe na huhu, fari zai fito: ko ruwa ne, ko mugunya, ko jini, ko tabon tsohon ciwo, ko tsokar da ta tsiro inda bai kamata ba, wato ƙari. Launinsu a takarda kusan ɗaya ne. Bugu da ƙari, hoton yana danne gaba da bayan ƙirji a shafi guda, ta yadda abu zai iya ɓoyewa a bayan zuciya ko bayan haƙarƙari, kuma abin da bai kai santimita 1 ba, kamar ƙwayar gyaɗa, sau da yawa ba ya fitowa sam.

Don haka likita ba fari kawai yake dubawa ba. Yana duba wurin da tabon yake, da siffarsa, da gefensa ko sumul yake ko yana da ƙayoyi, da girmansa. Ƙullutun da ya wuce santimita 3 ya fi tayar masa da hankali. Sa'an nan yana duba abin da hoto ɗaya ba zai taɓa nunawa ba, wato lokaci. Ƙullutu mai tauri da ya shekara 2 bai ƙaru ba, galibi ba mugu ba ne. Wanda ya ƙaru, ko ciwon da yake dawowa wuri ɗaya, wannan sai an bi sawunsa. Amfanin tsohon hoto ke nan.

Dalilin da ya sa tibi ake fara zato

Kada masu karatu su ɗauka muna zargin wanda ya fara ba yarinyar nan maganin tibi. A ƙasa irin tamu, wanda ya ga tari da jini da rama bai yi tunanin tibi ba, shi ne ya yi sakaci. Tun ran 24 ga Maris 1882 da Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar a birnin Balin ake yaƙi da ita, amma a shekarar 2023 kaɗai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 10.8 sun kamu da ita, wajen miliyan 1.25 kuma sun mutu. A nan Gana an kafa shirin yaƙi da tibi na ƙasa a 1994, kuma binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2013 ya nuna cutar ta ninka abin da ake zato kusan sau 4. Daɗin daɗawa, akwai masu tibi na haƙiƙa waɗanda ƙwayar ba ta fitowa a kakinsu, dole likita ya yi aiki da alamu da hoto.

An samu ci gaba wajen gwaji. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano ƙwayar tibi a kaki cikin wajen awa 2, ta fi tsohon gwajin madubi gani nesa ba kusa ba, har tana faɗin ko ƙwayar tana bijire wa maganin rifamfisin. A 2021 kuma hukumar ta yarda a yi amfani da kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tace masu alamun tibi. Amma a lura, abin da kwamfutar take aunawa shi ne yadda hoton ya yi kama da na mai tibi. Ita ma inuwa take kallo.

Tibi yana da wuraren da ya fi so. Ya fi kama saman huhu, yakan yi rami a ciki, yakan watsa ƙananan tabo a kewaye. Kuma idan aka sha magani yadda ya kamata, cikin watanni 2 na farko zazzaɓi yakan sauka, ci ya dawo, jiki ya fara cikowa. Yarinyarmu kuwa tabonta a ƙasa yake, ba rami, kaki bai nuna komai ba, kuma wata 6 na magani bai ƙara mata ko kilo ɗaya ba.

Ƙarin da ya toshe hanya

Likita ya tura mu a yi hoton siti. Wannan na'ura, wadda injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971, tana zagaya jiki da hasken ne, kwamfuta ta fito da hoton jikin fala-fala kamar yadda ake yanka doya za a soya. Ta haka babu abin da zai ɓoye a bayan wani. Kafin hoton an gwada ƙodarta, sa'an nan aka yi mata allurar wani ruwa mai sinadarin aidin a jijiya, wanda yake haska duk inda jini ya yi yawa.

Don a gane abin da aka gani, a ɗauki hanyoyin iska kamar bishiyar da aka kifa, gindinta a maƙogwaro, rassanta a cikin huhu. Huhun dama yana da ɗakuna 3, na hagu 2, kowane ɗaki da reshen da ke kai masa iska. A bakin reshen da ke zuwa ɗakin ƙasa na dama aka ga wani ƙullutu mulmulalle, gefensa sumul, bai fi girman goro ba, ya yi haske ƙwarai da ruwan allurar. Ɗan kansa ne kawai ya leƙo cikin bututun, sauran jikinsa yana waje, kamar kadan Paga da ya fito da hanci da idanu ya bar gangar jiki a ruwa. Bayansa kuma ɗakin huhun ya motse, rassansa cike da kaki. Ashe farin da aka yi ta gani a hotunan baya ɗakin da ya motse ne da ruwan da ya kwanta. Mai laifin kansa yana laɓe a bakin ƙofa, ƙanƙane.

Likita ya ce siffar ta yi kama da wani ƙari da ake kira karsinoyid, ya kuma yi mana bayaninsa. Wani likitan Jamus, Siegfried Oberndorfer, shi ya raɗa sunan a 1907 ga wasu ƙananan ƙari na hanji da suka yi kama da ciwon daji amma suke girma a hankali, ma'anar sunan ma ke nan, mai kama da kansa. A yau likitoci suna lissafa shi cikin ciwon daji, sai dai mai tafiyar hawainiya ne, kuma a wasu mutane ƙalilan yakan bazu zuwa kaluluwa ko hanta ko ƙashi. A huhu ba kasafai ake ganinsa ba, kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100 na ciwon dajin huhu. Yana tsirowa daga wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ke jikin bututun iska, shi ya sa akasarinsa a manyan rassa ake samunsa, kusa da tsakiyar ƙirji. Irinsa da aka fi gani ba shi da alaƙa mai ƙarfi da shan taba, kuma yana kama matasa, har ma yana sahun gaba cikin mugayen ƙarin da ke fara tsirowa a huhun yara da samari. Ba a ɗaukarsa, ko ta tari, ko ta kwano, ko ta shimfiɗa.

Daga nan duk alamun yarinyar suka hau layi. Iska tana matsewa ta gefen ƙullutun, ga sautin usur a gefe ɗaya, wanda aka ɗauka asma ce, alhali asma gefe biyu take kamawa. Kaki ya rasa hanyar fita ya kwanta, ƙwayoyin cuta suka samu gida, ga nimoniya mai dawowa wuri ɗaya. Ƙarin cike yake da jijiyoyin jini, ga jini a kaki, ga kuma hasken da ya yi a siti. A wasu majinyata har ana ganin ɗigon abu mai tauri kamar alli a cikinsa. Haɗarin jinkiri shi ne, ɗakin da ya daɗe a toshe yana lalacewa, rassansa su buɗe su saki, har ya zama ko an cire ƙarin ba zai sake aiki ba. In toshewar ta hau zuwa babban reshe, huhun gefen gaba ɗaya ake rasawa.

Duk da haka likita ya ja mana kunne cewa siti ma zato ne mai ƙarfi kawai. Tabbaci sai an zura siririn bututu mai fitila ta hanci ko ta baki an leƙa cikin reshen, an gutsuro ɗan nama, an duba shi a madubin ɗakin gwaji.

Sauran masu kama

Karsinoyid ba shi kaɗai ne yake shiga rigar tibi ba. Akwai wani ƙari marar cutarwa da ake kira hamatoma, haɗin guringuntsi da kitse, wanda a hoto wani lokaci cikinsa yakan yi kama da gugguru. Sau da yawa ba ya bukatar komai sai sa ido. Akwai kuma wanda ya taɓa yin tibi ya warke ya bar rami a huhu, sai naman gwari ya shiga ramin ya dunƙule kamar ƙwallo. A hoto ana ganin ƙwallon da siririn baƙin iska a kansa kamar jinjirin wata, in majinyaci ya juya kwanciya ƙwallon ma ya juya. Shi ma yana sa tofar da jini, kuma maganin tibi ba ya taɓa shi. Tibin kansa yakan dunƙule wuri ɗaya ya yi kama da ƙari, har a ɗauka ciwon daji ne, ka ga kamar ta juya ke nan.

Babban abin tsoro shi ne ciwon dajin huhu na gama-gari, wanda a 2022 aka ƙiyasta ya kama mutum wajen miliyan 2.5 a duniya, ya kashe wajen miliyan 1.8. Taba ce babbar uwarsa, amma hayaƙin gawayi da sauran hayaƙin da iyayenmu mata ke shaƙa a madafa shi ma likitoci ba su wanke shi ba. A hoto gefensa yakan yi ƙayoyi kamar bushiya, yakan kumbura kaluluwar tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya yi rami mai kaurin bango kamar na tibi. Shi ba ya jira irin jiran karsinoyid. Wata 6 da za a ɓata a kan maganin da ba nasa ba, ya ishe shi ya wuce inda wuƙar likita za ta kai.

Hanyar Kudu

Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974, shi ne babban asibitin da ake turo majinyata daga yankunan arewa 5, kuma bayan da aka kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba a 1992, daga baya muka fara samun 'ya'yanmu da suke karatun likita a gida. Amma har yanzu ƙwararrun masu karanta hoto da masu fiɗar ƙirji sun fi yawa a Kudu. Cibiyar aikin zuciya da ƙirji ta ƙasa tana Korle Bu a Ankara, Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa ta a 1989. Daga nan zuwa can wajen kilomita 600 ne, a ƙetare gadar Yapei da ta Buipe, a bi ta Kintampo da Techiman da Kumasi. Ga talaka, kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya kaɗai sun isa su sa ya ce a bar wa Allah.

Gidan yarinyar nan ma saura kaɗan su ce haka. Matan adashin Hajiya suka ba ta ɗauka kafin zuwan layinta, aka yi sanarwa a masallacin unguwa bayan Juma'a, wani ƙanen mahaifinta da ke zango a Kudu ya ba da ɗaki. Keken ɗinkin ma sai da aka sayar. A wani babban asibiti a can aka leƙa da bututu, aka ga ƙullutu ja mai sheƙi ya cika bakin reshe. Gwajin nama ya tabbatar karsinoyid ne, irin mai sauƙin, wanda shi ne wajen 9 cikin 10 na masu wannan ƙari. Maganinsa fiɗa ne, kuma idan an cire shi bai bazu ba, wajen mutum 9 cikin 10 suna nan da ransu bayan shekara 5. An cire mata ɗakin ƙasa na huhun dama tare da ƙarin. Likitan da ya yi aikin ya gaya wa Hajiya cewa da an zo shekara guda kafin nan, mai yiwuwa da an ceci wani sashe na ɗakin, da kuma an ƙara jinkiri, da abin da za a cire ya fi haka.

Alhamdu lillahi, ta dawo. Tari ya tsaya, ta ciko, tana komawa asibiti a kan lokaci ana duba ta, don irin wannan ƙari ana bin sawunsa shekaru da yawa. An ɗaura auren da aka dakatar, angon kuma ya saya mata sabon keke.

Abin da muke roƙon jama'a

Na farko, duk tarin da ya kai mako 2 a je a gwada kaki. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma tibi yana warkewa sarai.

Na biyu, wanda aka ɗora a kan maganin tibi ya sha shi har ƙarshe. Kada wani ya karanta wannan shafi ya ajiye ƙwayoyinsa da kansa, yin haka shi ke haifar da tibi mai bijire wa magani. Amma ya tambayi likita cikin ladabi, shin an ga ƙwayar a kakina, ko da alamu aka yi aiki? In ba a gani ba, kuma an sha magani wata 2 babu sauƙi, a koma a faɗa, a nemi a sake dubawa. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, a adana kowane hoto da kowace takarda, a rubuta kwanan wata a jikin ambulan, kada a naɗe, kada a bar su a rana ko inda ruwa zai taɓa. Inda ba a ba da takarda sai a kwamfuta, a roƙi kofi a faifai ko a waya, tare da rahoton wanda ya karanta. A tafi da su duka duk asibitin da za a je.

Na huɗu, a gaya wa likita abin da hoto ba zai faɗa masa ba: sau nawa ciwon ya dawo, a wane gefe, ko sautin ƙirji gefe ɗaya ne, ko an taɓa yin tibi a da, ko ana shan taba, ko a bakin murhu ake wuni. Nimoniya sau 2 ko 3 a wuri ɗaya, ko asmar da abin shaƙa ba ya taɓawa, ko jini a kakin matashi, duk dalilai ne na neman a zurfafa bincike.

Na ƙarshe kuma namu ne mu maƙwabta. Mu daina karanta hoton mutane a benci, mu daina raba musu kwano da aure a kan inuwa. Ko tibin ne ma, ta iska ake ɗaukarsa, ba ta kwano ba, kuma mai shan magani daidai yakan daina yaɗa shi cikin 'yan makonni. Yarinyar nan ta yi wata 6 tana cin abinci ita kaɗai a lungu saboda ciwon da ba ta da shi, kuma mu da muke unguwa ɗaya da ita ba mu tambayi komai ba sai da mahaifiyarta ta zo har ƙofar gida. Wannan laifi da mu a ciki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya saka wa masu duba su da alheri, amin.